Lambar da Aka Goge

"Ki gaya masa kar ya sake tako min ƙofar shago! Maganar aure kuma na janye!"

Tsintsiya ta suɓuce daga hannuna. "Baba... Injiniya fa? Me ya yi?"

"Ki tambaye shi, Auta."

Ya ja labulen ɗakin ajiya ya shige, ya bar ni tsaye cikin yadudduka kamar an dasa ni.

Injiniya dai ba injiniyan komai ba ne, ni na laƙaba masa don tsokana. Aikinsa tura saƙonnin talla ta waya. Shekara biyu da suka wuce ya shigo shagonmu da 'yar kwamfutarsa, wai a daina jiran mai saye ya zo, a bi shi har cikin aljihu. Baba ya yi dariya har da riƙe ciki. Mama ce ta ce a gwada, ta fara ba da lambarta. Tun daga nan duk Litinin ƙarfe goma saƙo ke fita ga mutum ɗari bakwai. Kasuwa ta buɗe, ni kuma na faɗa son mai saƙon. Wata takwas ke nan da rasuwar Mama.

Na fita bakin titi na kira shi.

"Rabin raina, lafiya?"

"Ina fa lafiya! Me ka yi wa Baba?"

"Ni? Wallahi ba komai! Jerin lambobi kawai na gyara jiya. Duk wanda ya yi wata shida bai amsa ba, bai sayi komai ba, na cire shi. Haka tsarin aikin yake..."

Na katse shi. "Lambar Mama fa?"



"Innalillahi... Auta, ban duba suna ba. Lambobi kawai na gani."

Na koma ciki. Baba na zaune kan kujerar katako, tsohuwar wayar Mama mai fasasshen gilashi a tafin hannunsa.

"Baba, ashe tana nan? Na ɗauka ka kyautar."

"Ni nake mata caji. Ni nake sa kati kar a rufe layin." Bai ɗago ba. "Ƙawayenta sun daina kira, dangi sun goge lambar. Saƙon shagon nan kaɗai ya rage. Duk Litinin sai ta yi ƙara, in buɗe in ga an rubuta, ‘Sababbin kaya sun iso, muna jiran zuwanku.’ Na san talla ce, ban zare ba. Amma dai wayar uwarki tana ƙara." Ya shafa gilashin wayar. "Yau Litinin, tun goma nake zaune, ba ta yi ƙara ba."

Wayyo Baba! Wata takwas ina ganin ya fi kowa dauriya, ashe abin na cin sa a ciki. Na durƙusa na riƙe gwiwarsa ina kuka.

A haka Injiniya ya same mu, gumi sharkaf, ko takalmi bai ɗaura daidai ba. Ya zube a ƙasa.

"Baba, ku yafe min. Yanzun nan zan mayar da ita."

"Mai goge mutane don sun yi shiru zan ba 'yata? Ran da ita ma ta yi shiru fa?"

Na runtse ido. Ko da wa na bi, sai na rasa ɗaya.

"Ba ni da bakin magana, Baba. Na'ura ce ta ƙirga, amma ni na danna. Ita ta fara yarda da ni a gidan nan, ranar da kowa ke min dariya... kuma ni na goge ta." Hawaye suka zubo masa.

Baba ya dube shi. Ya sauke ajiyar zuciya.

"Tashi, ɗana. Tunda ka yi mata kuka, ka san ba lamba ba ce."

"Baba... maganarmu fa?" na faɗa da ƙyar.

"Ji ta, mara kunya!" Ya share ido da bakin riga, ya juya ga Injiniya. "Ran da za ka tura wa mutum ɗari bakwai ɗin nan gayyatar auren, uwarta za ka fara turawa. Ina so in ji wayarta ta yi ƙara."