Allurar da Aka Kafe da Ƙusa

Ranar Talata, uku ga watan Yuli, zamanin da motoci suka fara shigowa, gari ya waye da yayyafi. Ran nan wani maƙeri ya haɗa wa wani attajiri ma'aunin man motarsa. Ya ɗaura ɗan gora a waya, ya jefa cikin tanki. In mai ya ragu, goran ya sauka, sai allura ta sunkuya a gaban direba.

Attajiri ya ji daɗi, har ranar da allura ta sunkuya surukinsa na cikin mota.

Ya koma wurin maƙeri ya ce, "Malam, allurarka ta kunyata ni. Hana ta sunkuyawa."

Maƙeri ya ce, "Ranka ya daɗe, zuba mai, za ta miƙe."

Attajiri ya ga ƙusa ta fi sauƙi, sai ya kafe allurar a sama. Kowa ya shiga, sai ya ce masa, "Ka gani? Cike take."

Ran Juma'a ya ɗauki surukin zuwa ɗaurin aure. A tsakiyar daji mota ta yi tari, ta tsaya.

Attajiri ya ce a hankali, "Cike take."

Surukin ya ce, "To ɗana, sauka ka tura, ni zan tsare maka allurar."

Ko da suka isa, an watse.

Kwana uku attajiri yana jinyar baya, yana rubuta wasiƙa yana yagewa. A rana ta huɗu ya jefa guda a gidan waya: "Malam maƙeri, bayan gaisuwa, ka zo da abin zare ƙusa."