Tayoyin Bayan Shago

Ruwayoyi uku ake yawo da su a kan abin da ya faru a gidan Alhaji Mai Taya. Ta direbobi ta cika gishiri, domin kowannensu yana so a ce a gabansa aka yi. Ta maƙwabta kuwa ta bayan katanga aka jiyo ta, kuma maganar da ta tsallako katanga ba ta isowa da ƙafafunta duka. Wadda na dogara da ita ita ce ta Gwaggo, ƙanwar Alhajin, saboda tana zaune a falon sa'ad da aka yi maganar, kuma duk da cewa yayanta ne labarin bai yi wa daɗi ba, ba ta rage masa komai ba.

Bayan la'asar ne. Auta, ƙaramar 'yar gidan, tana falo tana goge manyan rigunan mahaifinta, Umma tana ninkewa, sai Alhaji ya banko ƙofa ko sallama babu. Ya jefa makullin mota a kan tebur.

"Daga yau kada yaron nan ya ƙara taka mini ƙofar gida! Maganar aure kuma na janye ta!"

Auta ta ɗaga dutsen guga, ta manta inda za ta ajiye shi.

"Abba, wane yaro?"

"Yara nawa na yi wa alkawarinki? Limaminki mana! Uban masu tsoron Allah!"

Wanda ake kira Liman ba limamin wani masallaci ba ne. Saurayi ne mai sayar da kaya a shagon tayoyin Alhaji, kuma shi ke jan ma'aikata salla a ƙarƙashin rumfar shagon, har laƙabin ya danne sunansa. Auta ta san shi ne lokacin da ta gama karatu ta fara taimakawa a ofishin shagon. Suka fahimci juna, ya turo manyansa, Alhaji ya amsa da fara'a. Bai tsaya nan ba, ya ɗauko shi daga wajen sauke kaya ya zaunar da shi a teburin gaba, domin ya lura duk kwastoman da ya ga fuskarsa ba ya ja-in-ja.

A bayan shagon akwai wata rumfa da ba a kai baƙo. Can ake tara tayoyin da suka suɗe, a sa wuƙa mai zafi a sake fitar musu da zane, a shafe su da baƙin mai har su yi ƙyalli, sannan a jera su a gaba cikin na hannu masu sauran rai. Auta ta sha jin ƙaurin roba daga tagar ofis, ba ta taɓa tambaya ba.

A ranar, direban motar 'yan makaranta ya zo sayen tayoyi huɗu. Aka mirgino masa daga cikin waɗancan. Ya shafa, ya ƙwanƙwasa, sannan ya juya ga teburin gaba ya ce, "Liman, tsakaninka da Allah, za su ɗauki yara?" Liman ya ce ba za su ɗauka ba, an yanke su har kusa da wayar ciki. A gaban ma'aikata ya faɗa, a gaban Alhaji.

"A shagona!" in ji Alhaji bayan ya zayyana musu abin da ya faru, yana dukan ƙirji. "Na ciyar da shi, na ɗaukaka shi, zan ba shi 'yata, shi ne zai tsiraita ni a bainar jama'a!"

"Abba, tambayarsa aka yi—"

"Rufe mini baki! Masallaci daban, kasuwa daban. Wa ya fi ni ba da sadaka a layin nan? Wa ya saya musu tabarmin da suke sallar a kai?"

Umma ta dafe hannun 'yarta ta matse. Hawayen Auta suka riƙa sauka a kan rigar da ta gama gogewa.

Da aka kore shi daga shagon, Liman bai zauna zaman jiran tsammani ba. Wani tsoho mai faci a bakin babban titi ya karɓe shi, kuma can Auta ta same shi wata safiya tare da Gwaggo, ya tsoma tayar babur a cikin baho yana neman inda iska ke fita. Hannayensa sun yi baƙi ƙirin.

"Sannu da aiki, Manaja," ta ce. "Ofis ya yi kyau."

Ya yi dariya, ya gaishe da Gwaggo har ƙasa. "Akwai fanka ma. Duk motar da ta wuce sai ta hura mana."

"Kai dariya ma kake yi! Ba sai ka yi shiru ba? Ka ce ba ka sani ba, ka ce cikinka na ciwo, ka shige bayi! Ka san abin da ka jawo mana?"

"Na sani. Na yi wa Alhaji magana a keɓe tun kafin wannan, ya ce in bar masa kasuwarsa. Amma direban nan haɗa ni ya yi da Allah, Auta. Ba don na fi kowa sanin taya ya tambaye ni ba, don ya ga ina jan salla ne. Da na ce masa e, da sallar tawa na sayar masa, ba taya ba."

Ta juya baya ta share ido da gefen mayafi.

"Abu ɗaya nake roƙonki," ya ce. "Mahaifinki ne. Kada ki ɗaga masa murya a kaina."

"Ba zan ɗaga ba. Amma kai ka faɗi taka, ni ma sai na faɗi tawa."

Alhaji ya tara dangi domin ya sanar da su a hukumance cewa ya janye. Hajiya Babba, mahaifiyarsa, tana kan doguwar kujera da carbinta. Kawu, yayan Umma, yana gefe, Gwaggo na kusa da ƙofa. Alhaji ya yi dogon bayani a kan butulci da ɗan'adam mai manta alheri, bai ambaci rumfar bayan shago ba ko sau ɗaya. Da ya gama, Auta ta matso ta durƙusa a gabansa.

"Abba, a ba ni izini in yi magana."

"In kuka ne, an gama jin sa."

"Ba kuka ba ne. Ka ce sharri ya yi maka. In sharri ne, ni ma ba na son miji maƙaryaci, na haƙura da shi har abada. Abu guda nake roƙo. Tayoyin nan huɗu suna nan, ba a sayar ba. A ɗaura su a motarka, ka ɗauki Hajiya da Umma da ni, mu hau babban titi mu je gidan babbar yayata mu dawo. In mun dawo lafiya, wallahi ba za ka ƙara jin sunansa a bakina ba."

Kawu ya sunkuyar da kai yana duban ƙafarsa. Umma ta ce, "Ke Auta! Uban naki?"

Hajiya Babba ta rataya carbinta a wuya, ta fara lalubar sandarta.

"A'a, bar ta. Yarinyar nan rashin kunya ta gada a wajena, amma yau ta kawo shawara. Dama na kwana biyu ban ga 'yan jikokina na can ba. Miƙo mini mayafina, 'yar nema. Kai kuma tashi ka sa a ɗaura."

"Hajiya, ki zauna," in ji Alhaji.

"In zauna a kan me? Ba kaya masu kyau ba ne? Ai mai abu shi ke fara ɗanɗana abinsa."

"Hajiya, don Allah ki zauna."

"Sai ka gaya mini dalili."

Gumi ya karyo masa. Ya cire hula ya mayar, ya dubi tagar falon kamar wani zai shigo ya cece shi. Daga ƙarshe ya ce, a hankali, "Ba za su jure zafin kwalta ba."

Tsohuwa ta koma ta zauna. Ba ta ɗaga murya ba.

"To. Ni da na ci zamanina, haƙorana ma sun gudu sun bar ni, ni ce kake tsoron kada in mutu a hanya. Waɗancan yaran na cikin bas, daga bishiya suka faɗo? Na yi zaton abin da nake ci a gidan nan gumin ɗana ne."

Alhaji ya miƙe, idanunsa jajur. "Rumfar zan rufe ta, tunda haka kuke so. Amma yaron da ya kunyata ni ba zai zama surukina ba!" Ya fice.

Nan haƙurin Auta ya fara. Rumfar ta rufu, aka kwashe tayoyin aka kai wa masu yanka su su yi takalma da igiyar roba. Ciniki ya ja baya, Alhaji ya daina amsa gaisuwar 'yarsa sai da ka. Ita kuwa ba ta fasa durƙusa masa kowace safiya ba, ba ta fasa goge masa riguna ba. Masu neman aure suka yi ta sallama, har da ɗan wani dillalin motoci mai zuwa da turare kamar an fasa kanti. Kowanne ta fita ta gaishe shi da ladabi, ta ce masa, "Ka yi haƙuri, an riga ka." Ta rame har Umma ta fara kuka a ɓoye. Damina ta shigo ta fita a haka.

Abin da ya karya Alhaji ba asara ba ce. Tun da aka kori Liman, Alhajin ma'aikata ke turawa gaba idan lokacin salla ya yi, kasancewarsa babba. Ya gaya wa Gwaggo da bakinsa cewa duk sa'ad da ya ɗaga hannu zai yi kabbara, sai ya tuna waɗanda ke bayansa su ne ya riƙa ba wa wuƙar, kuma sun ji labarin abin da ya faɗa wa mahaifiyarsa. Wata azahar ya tsaya a gaban sahu, harshensa ya yi nauyi, ya ja da baya ya tura wani.

Washegari ya tsayar da motarsa a gaban rumfar mai faci.

"Kai! Duba mini iskar tayar gaba."

Liman ya taso da sauri, ya gaishe shi, ya durƙusa ya auna. "Alhaji, iskarta daidai take."

"Na san daidai take! Kai komai sai ka faɗi gaskiyarsa? Ba za ka bar dattijo ya sami hanyar fara magana ba?" Ya yi gyaran murya, yana kallon sitiyari. "Teburin yana nan. In ka dawo, me za ka ce wa kwastoma?"

"Abin da taya take, Alhaji. Mai rai in ce mai rai, matacciya in ce matacciya."

"Za ka talauta ni."

"Allah Mai azurtawa yana nan, Alhaji."

Alhaji ya dubi baƙaƙen hannayen Liman. Sannan ya tayar da mota. "Ka wanke hannayen nan. Ka ce wa manyanka ina gida ranar Asabar."

Da labari ya iso, Auta ba ta yi guɗa ba. Ta shiga ɗakin mahaifinta ta durƙusa ta nemi gafarar ranar da ta tsaya masa a gaban dangi. Ya ɗora hannu a kanta ya ce, "Tashi. Taurin kan nan ba daga waje kika samo shi ba."

Darasin a fili yake. Wanda ake fuskanta a kan tabarmar salla Shi ne ke tsaye a kan ciniki, kuma alwala ba ta wanke ha'inci. Abin da mutum ba zai ɗora uwarsa a kai ba, kada ya sayar wa ɗan wani. Yarinya kuma tana iya tsayawa a kan gaskiya a gaban mahaifinta tana durƙushe.

An mayar da alkawarin a falon gidan, ranar Asabar da hantsi. Waɗanda suka halarta su ne: Alhaji Mai Taya, Hajiya Babba, Kawu, Gwaggo, Baffan Liman da babban yayansa, tsoho mai faci, wanda ya zo a matsayin shaida, da Umma da Auta, waɗanda suka saurara daga bayan labule.