Awa Tara a Mitar Clive

Ranar Litinin da hantsi Noeleen Dray ta shigo ofishin 'yan sanda na Port Ellory riƙe da guntun wayar lantarki. Ta ajiye shi a teburin Sufeto Warrick Pascoe, ta ce an cire na'urar taswira daga ƙaramin jirgin ruwan mijinta.

Irin wannan ƙara ba ta kai ta zo gaban sufeto ba. Amma Port Ellory gari ne da 'yan sanda huɗu ke riƙe da shi, biyu suna hutu, kuma babu wanda bai san mijin nata, Merv Dray, ba. Makonni biyar ke nan da rasuwarsa. Shekara arba'in ya yi yana fita kamun kifi duk Asabar, ba don sayarwa ba, don dai ransa na so.

Pascoe ya ba ta kujera, ya ce na'urar tsohuwa ce, inshora za ta saya mata sabuwa. Ta dube shi kamar ya zage ta.

"Ba na'urar nake nema ba, Warrick. Abin da ke cikinta nake nema."

Ta yi masa bayani a hankali. Merv ya bar wasiyya a ƙona gawarsa, a zuba tokar a wani wuri guda a teku, inda ya nemi aurenta. Ita ba ta san wurin ba. Ruwa dai ruwa ne a idonta, kuma rabonta da shiga jirgi ya fi shekara ashirin saboda jiri. Merv ya sa wa wurin alama a na'urar, cikin sauran wuraren kamun kifinsa. 'Yarsu za ta sauka daga Perth ranar Juma'a, Asabar za a fita da tokar. Idan ɓarawon ya goge na'urar don ya sayar, shi ke nan.

Pascoe ya ji tausayinta har cikin ransa. Ya ɗauki hularsa, suka fita tare.

Jirgin Merv yana ɗaure a matsayar jirage ta kulob ɗin masunta, na bakwai a layi. Pascoe ya duƙa ya duba inda na'urar take. An kwance sukurori huɗu tsaf, amma wayoyin da wuƙa aka yanke su, yankan gaggawa. Noeleen ta ce ranar Asabar da yamma ta ga na'urar da idonta. Lahadi ta tafi coci, ta wuce gidan ƙanwarta, sai ƙarfe biyar ta zo ta tarar da wurin wayam.

Ƙofar matsayar da lamba ake buɗe ta, 'yan kulob da bakanikensu kaɗai suka san lambar. Ya tambaye ta ko wani ya taɓa nuna sha'awar na'urar. Ta ce mutum ɗaya ne, Clive Rundle, mai jirgi na tara a layin. A wurin zaman makoki ma ya tare ta da maganar, da kofin shayi a hannunsa, ta ce masa ba ta sayarwa ba ce.

Clive ba ya wuyar samu. Yana kan jirginsa yana goge ƙarfen da tuni yake ƙyalli. Babban mutum ne mai jan wuya, ya sayar da motoci har ya yi ritaya, kuma duk kulob ɗin babu mai jirgi mai tsada kamar nasa, babu kuma mai labarin manyan kifaye kamarsa. Kifayen dai ba a cika ganinsu ba.

"Warrick, abokina! Ka zo a makare, ai da jiya ka zo ka ga kifi."

"Jiya kana ina, Clive?"

"Teku. Bakwai na safe na fita, huɗu na dawo. Bayan Tsibirin Gull na jefa anga, ƙarfen tsayar da jirgi, ban ɗaga ba sai da rana ta karkata."

"Akwai wanda ya gan ka?"

"Kifaye," in ji Clive, ya yi dariya shi kaɗai. Sai ya zaro wayarsa. Ya ce shi mutum ne mai tsari, duk fita sai ya ɗauki hoton mitar awa ta jirginsa, wato ƙaramin agogon da ke ƙirga awannin da inji ya yi yana aiki. Hoton safe ya nuna casa'in da huɗu, na yamma ɗari da uku, kowanne da lokacinsa a jiki. Awa tara cif.

Kafin Pascoe ya tafi, Clive ya rage murya ya ce ba don ya ɓata wa kowa suna ba, amma ya kamata a tambayi bakaniken. Mai kwance sukurori ai shi ne mai sukudireba.

Tevita Fonua, bakaniken kulob ɗin, mutumin Tonga ne, shekararsa goma sha biyar a garin. Pascoe ya same shi a rumfarsa, hannu duk baƙin mai. Da aka tambaye shi inda yake ranar Lahadi, ya ce coci, daga nan gida. Bai ɗago kai ba.

Pascoe ya ajiye masa wata sabuwar matatar mai da ya gani a ƙasan jirgin Merv, da kwalinta. Ya ce Noeleen ta tabbatar babu ita ranar Asabar.

Tevita ya dubi matatar. Can ya ja numfashi.

"Yallaɓai, na yi ƙarya. Na zo wajen ƙarfe goma, na yi awa ɗaya. Injin Merv na duba, don kada ya ba Mama Noeleen kunya ranar Asabar."

"To me ya sa ka ɓoye?"

"Lahadi ce, yallaɓai. Mu ba ma taɓa aiki ranar Lahadi. Na ce wa matata ciwon kai nake yi. In ta ji na riƙe kayan gyara, gara ka kulle ni a wurinka."

Pascoe ya danne dariya. Tevita ya ce lokacin da ya bar jirgin na'urar tana nan, kuma jirgin Clive ba ya wurinsa. Da aka nuna masa guntun wayar, sai ransa ya ɓaci sosai. Ya ce akwai filogi a bayan na'urar, da yatsa biyu ake zare shi. Shi ko a buge yake ba zai yanke waya haka ba.

Sufeton ya yarda da shi, amma yarda ba shaida ba ce. Mutum ɗaya ya yi ƙarya kuma yana wurin, ɗayan yana da hoto kuma jirginsa ba ya nan. In aka bi takarda, Tevita za a kama.

Talata da safe ya je gidan Noeleen don ta sa hannu a takardar ƙara. Ta dafa masa shayi, ta kawo biskit. Hira ta kai su kan jirgin, ta ce bayan Asabar sayar da shi za ta yi. Tevita ya gaya mata zai yi kuɗi, tunda injin shekararsa takwas amma awa ɗari biyar da sittin kacal ya yi.

Pascoe ya ajiye kofinsa. Ya yi lissafi da ka, awa saba'in ke nan a shekara. Ya ce anya kuwa, mutumin da ke wuni a teku duk Asabar?

"Kai ma kana da jirgi, Warrick. Ko ka manta yadda ake yi?"

Gaskiyarta. Yana da ɗan jirgi a bayan gida, lulluɓe da tamfol, matarsa tana shanya a jikinsa. Noeleen ta ce Merv minti arba'in yake yi ya isa, ya kashe inji, ya zauna har la'asar, sannan minti arba'in ya dawo. Kullum yana cewa hayaniyar inji korar kifi take yi. Yawancin 'yan kulob ɗin ma ba sa wuce awa hamsin a shekara, duk da cika bakinsu a mashaya.

Pascoe ya gode mata, ya bar shayin rabi. A mota ya buɗe littafinsa ya sake karanta abin da Clive ya faɗa da bakinsa: ya jefa anga, bai ɗaga ba sai da rana ta karkata. Tsibirin Gull tafiyar rabin awa ce.

Ya biya rumfar Tevita ya yi masa tambaya ɗaya: yaya mita za ta ci awa tara alhali inji a kashe yake? Tevita ya ce abu ne mai sauƙi. Irin mitar da ke jirgin Clive da makulli take haɗe, ba da inji ba. In ka murɗa makulli ka bar shi, ta yi ta ƙirga ko da injin yana barci. Amma injin kansa yana da ƙaramar kwamfuta a ciki da ke riƙe nata ƙirgen, ita kuwa sai ya juya take ƙirgawa. Watan jiya da ya yi masa sabis, su biyun daidai suke.

Da yamma suka tarar da Clive a jirginsa. Pascoe ya ce yana so a haɗa kwamfutar Tevita da injin, ko da yardarsa yanzu, ko da takardar kotu gobe. Clive ya ce a haɗa mana, me zai ɓoye? A fili yake bai san abin da za a gani ba. Shekara uku da jirgin, bai taɓa ɗaga murfin injin ba.

Noeleen ta zo ta tsaya a kan katakon matsayar, hannu a aljihun rigar sanyi. Tevita ya haɗa waya, ya danna, ya juyo da fuskar kwamfutar.

"Casa'in da huɗu da minti goma sha huɗu, yallaɓai."

"Mitarka ta ce ɗari da uku, Clive. Injinka ya ce minti goma sha huɗu ya yi ranar Lahadi. Ina ake zuwa a minti bakwai?"

"Wannan kwamfutar ta lalace."

"To mu bar ta. Ka ce ka wuni a kan anga. Da inji a kunne ka wuni?"

Pascoe ya matso kusa da shi, ya ci gaba.

"Da awa ɗaya ka nuna mini, da na tafi na ƙyale ka. Duk mai fita kamun kifi ya san wunin teku awa ɗaya ne a mita, ko biyu. Kai ka zaci awa tara a ruwa awa tara ce a inji, saboda ba ka fita."

Wannan maganar ta ƙarshe ita ta karya shi, fiye da maganar satar. Ya zauna a kan akwatin ƙanƙara. Ya ce bayan tsaunin da ke gefen matsayar ya zaga, ya ɗaure jirgin a ƙaramar gaɓar da ba kowa ke zuwa ba, ya bar makulli a murɗe. Ya jira har tsakar rana, ya biyo hanyar ƙafa, ya cire na'urar, ya koma. Sauran wunin a ƙarƙashin bishiya ya yi shi, yana cin burodi da cuku yana korar ƙudaje.

Gasar kamun kifi ta kulob saura mako uku, kuma ya san wuraren kifin Merv duk suna cikin na'urar. Shekara goma sha biyu yana shiga, bai taɓa zuwa ko na biyar ba, Merv kuwa sau bakwai yana ɗaukar kofin da tsohon jirginsa. Ya ce so yake sau ɗaya kawai ya shigo mashaya da kifin da ba sai ya yi bayani ba.

"Ka goge ta?" Noeleen ce ta tambaya.

Ya girgiza kai. Ya ɗaga kujerar baya, ya fito da na'urar a naɗe cikin tawul.

Tevita ya haɗa ta da batir a nan take. Alamomi suka cika fuskarta, fiye da ɗari, kowacce da sunan da Merv ya raɗa mata: Ramin Alhamis, Inda Hula Ta Faɗi, Kada Ka Gaya Wa Clive. Noeleen ta sa tabarau, tana bi da yatsa. Ta tsaya a kan wata alama kusa da bakin gaɓa. An rubuta: Ta Ce To.

Clive ya ce wannan alamar ya fara dubawa, don na'urar ta nuna nan Merv ya fi zuwa. Amma ya duba taswira, yashi ne zalla, zurfin bai kai tsayin mutum biyu ba. Babu kifin da zai zauna a wurin.

"Ba a taɓa kama kifi a wurin ba," in ji Noeleen. "Injinsa ne ya mutu mana a nan. Awa uku muna zaune, babu kifi, babu inji. Da ba don haka ba, da har yau bai buɗe baki ba."

Pascoe ya taɓa kafaɗar Clive, ya gaya masa laifin da ake tuhumarsa da shi. Bai sa masa ankwa ba. Suka bi katakon matsayar a hankali zuwa mota, 'yan kulob biyu-uku suna kallo daga barandar mashaya.

A bakin ƙofa sufeton ya waiwaya. Noeleen ta shiga jirgin mijinta, ta zauna a kujerarsa da na'urar a cinya, tana tambayar Tevita minti nawa ne daga nan zuwa can.

"Goma sha ɗaya, Mama."

"To, zan iya jure goma sha ɗaya. In mun isa ka kashe injin."