Kartar Baban Yun-seul

"Ka sake ajiyewa?" Yun-seul ta tambaya cikin raɗa.

Tae-gon bai kalle ta ba. Ya ture kartarsa gefe.

Ranar Lahadi ce da yamma, a ɗakin bayan shagon kifin mahaifinta a Busan, inda tsohon ya saba buga kartar caca ta poka da abokansa. Sulalla kawai ake zubawa, waɗanda ko kwanon taliya ba za su saya ba. Amma Baba yana buga ta kamar yaƙi. Ko me ke hannunsa sai ya ƙara kuɗi, ya daki tebur, ya zare ido har kowa ya janye.

Yau ne karon farko da ta kawo masa Tae-gon, direban bas ɗin da take so. Baba kuwa ya daɗe da nuna cewa Sang-pil yake so mata, ɗan amininsa, wanda ke zaune a damansa yana murmushi.

"Direba," in ji Baba, "haka kake tuƙin ma? Da an yi maka oda sai ka faɗa kwalbati?"

Aka yi dariya.

Yun-seul ta miƙe kamar za ta ɗauko shayi, ta yafito Tae-gon zuwa ƙofa.

"Yaya," ta ce, kamar yadda ta saba kiransa, "me ke damunka? Na ga kartar hannunka ɗazu, mai kyau ce."

"Sang-pil ya ja ni gefe da na iso. Ya ce Baba ba ya yafe wa wanda ya ci shi..."

"Kuma ka yarda?"

Ya sunkuyar da kai.

"Tun ina ƙarama nake kallon Baba," ta ce. "Yawanci burga ce, babu komai a hannunsa. Kar ka yi gasar ƙari da shi. Ka jira ɗan hannu mai dama, ka bi shi har ƙarshe."

"In ya yi fushi fa?"

"Masoyi, ai ya riga ya raina ka. Me ya rage?"

Suka koma. Aka raba karta. Tana tsaye a bayan Tae-gon ta ga karta biyu masu lamba tara a hannunsa.

Baba ya ƙara. Abokansa suka ajiye. Sang-pil ma ya ajiye yana cewa, "Wa zai iya da kai, Baba?"

"Na bi," in ji Tae-gon.

Baba ya ɗago ya dube shi, ya sake ƙarawa.

"Na bi."

Sai tsohon ya turo duk abin da ke gabansa. "Yaro, ka tafi gida da mutuncinka."

Tae-gon ma ya turo nasa.

Aka buɗe. Sarakuna uku ne a hannun Baba, sun doke tara biyun Tae-gon.

Yun-seul ta runtse ido. Wannan karon ba burga ba ce, kuma ita ta jefa Tae-gon ciki.

Baba ya kwashe sulallan a hankali, babu dariyar da ya saba. Ya juya wajen Sang-pil.

"Kai tun da kake zama nan ba ka taɓa sa ni buɗe karta ba. Tsorona kake ji, ko shagon kake jira?"

Murmushin Sang-pil ya ɓace.

Tsohon ya cire safar hannu ta roba daga ƙusa, ya jefa wa Tae-gon.

"Ba ka iya karta ba, amma kana tsayawa. Wanda aka ci shi ke wanke bahon kifi."

Wannan aiki Baba bai taɓa barin baƙo ya taɓa shi ba.

A bakin famfo Yun-seul ta durƙusa kusa da Tae-gon.

"Ka yi haƙuri, Yaya. Ni na..."

"Riƙe mini tiyo," ya ce, yana ɓoye dariya.

Da bazara aka ɗaura musu aure. Sang-pil bai zo ba. Baba kuwa ya riƙe hannunta har gaban ango, da aka ce ya saki sai da aka faɗa masa sau biyu.