Twila da Talotalon Katako

Sanyi ya wuce, itatuwan tsaunukan Ozark sun fara toho, amma gidan su Twila babu walwala. Kwalaye ne jibge a falo. Kakanta Orval zai koma birni da zama, kusa da asibiti. Gwiwoyinsa sun gaji, idanunsa ma sun fara hazo.

"Baba, ka haƙura da dajin nan mana," in ji Mama. "In ka faɗi a can, wa zai ɗago ka?"

"Ga sandata nan," in ji Kaka, yana nuna Twila da haɓa. "Jibi za a rufe farautar bana, Darlene. Ki bar ni in yi sallama da Dogon Gemu."

Dogon Gemu wani tsohon talotalon daji ne mai wayon tsiya. Kaka ya daɗe yana fakonsa. In bai same shi yanzu ba, shi ke nan har abada.

Kaka yana da macen talotalo ta katako, sunanta Maudie. Matarsa Opal ce ta sassaƙa ta kafin ta rasu. Akan kafa ta a fili, namiji ya hango ta, ya taho yana taƙama har ya iso kusa da mafarauci.

Da yamma Twila ta ciro Maudie daga jakarta. Ta ga duk ta koɗe, ta yi furu-furu kamar katakon tsohon shinge. Sai tausayi ya kama ta.

"Wane namiji ne zai kalle ki a haka?" ta ce mata.

Ta ɗauko man da Mama ke shafa wa tebur don ya yi sheƙi. Ta shafe Maudie tun daga baki har wutsiya. Da ta bushe, ta mayar da ita jaka. Ba ta gaya wa kowa ba. So take Kaka ya yi mamaki.

Da asuba Mama ta cusa musu burodi da kofi, tana ta nanata magana.

"Kada ki fito da abin nan daga jaka a hanya. Wani mafarauci zai ɗauka na gaske ne ya harbe ki. Kin ji ni?"

"Na ji, Mama."

"Ki riƙe masa hannu a gangare."

"Darlene, daji za mu, ba yaƙi ba," in ji Kaka.

Suka isa bakin fili gari bai gama wayewa ba. Twila ce ta kafa Maudie, don Kaka ba ya iya durƙusawa. Suka jingina da wani ƙaton icce. Kaka ya goga ɗan akwatinsa na kira, akwatin ya yi kuka irin na macen talotalo.

Can cikin kurmi aka amsa.

Ba a jima ba sai ga Dogon Gemu. Ya baza wutsiya, gemunsa na jan ciyawa. Yana tahowa, yana tsayawa. Twila tana jin numfashin Kaka.

Sai rana ta leƙo ta bayan tsauni. Haskenta ya sauka kan Maudie, ta ƙyalla kamar gilashin mota.

Dogon Gemu ya miƙe wuya. Ya naɗe wutsiya. Kafin Kaka ya ɗaga bindiga, ya shige kurmi.

Kaka ya dogara sanda ya je har wurin Maudie. Ya shafa bayanta da tafin hannu. Ya daɗe a tsaye.

"Mu je gida," kawai ya ce.

Ranar bai ci abinci ba. Ya zauna a baranda, Maudie a cinyarsa, yana kallon tsauni. Twila ta shige kicin ta fashe da kuka.

"Me kika yi?" in ji Mama.

"Man tebur na shafa mata. Na ga ta tsufa ne."

Mama ta dafe ƙirji ta zauna. "Haba, 'yar nan. Kakarki da gangan ta kashe mata haske. Toka take zubawa a fentin. Ke kin taɓa ganin tsuntsu yana ƙyalli kamar cokali?"

"Ban sani ba."

"To me ya hana ki tambaya? Bakinki ciwo yake?" Mama ta share mata hawaye da gefen riga. "Tashi ki je ki same shi. Ba ni za ki gaya wa ba."

Twila ta fita baranda.

"Kaka, ni ce. Ka yafe mini."

"Na sani, sarkin karambani," in ji shi. "Maudie ba ta iya kwalliya da kanta ba." Ya sake shafa bayanta. "Ba tsuntsun ne ya dame ni ba. Na shafa ne ban ji hannun Opal ba."

Twila ta sunkuyar da kai. "Za ta gyaru?"

"Sai mun gwada. Ɗauko samfefa, ki ɗebo toka a murhu."

Wannan karon, kafin ta taɓa ko'ina sai ta tambaya. Ta yi ta gogewa a hankali har yatsunta suka yi ja. Sheƙin ya fita. Sawun wuƙar Kaka Opal ya dawo, layi-layi kamar gashin tsuntsu. Suka kwaɓa toka da laka suka shafe ta.

"Yanzu ta yi muni yadda ya kamata," in ji Kaka.

Washegari suka canza wuri, suka kafa ta a inuwa. Suka yi ta jira har Twila ta fid da rai. Rana ta ɗaga sosai kafin ciyawa ta motsa. Dogon Gemu ya leƙo, ya ƙare wa Maudie kallo. Sannan ya baza wutsiya ya taho.

Harbi ɗaya Kaka ya yi.

Mama tana bakin ƙofa tun fitarsu. Da ta hango su, ba tsuntsun ta fara dubawa ba. Su ta ƙirga, sannan ta yi dariya.

Ranar tafiya Kaka ya miƙa wa Twila jakar Maudie.

"A birni babu abin da za ta yaudara sai tantabaru. Riƙe ta. Me kika koya?"

"In ban san dalilin abu ba, in tambaya kafin in gyara shi."

"Madalla," in ji Kaka. "Ni ma na koɗe. Kada ki zo mini da man tebur."