Hanyar Nikosiya

A filin jirgin Larnaka, a tsibirin Kubrus, Mujtaba ya fara ganinta. Ƙungiyar ɗaliban Sudan ce ta turo shi tarbar sababbin zuwa. Tana tsaye gefen jakarta, waya a kunne, tana magana da Hausa: "Inna, na sauka lafiya, sai dai ban san inda zan dosa ba."

Da ta gama, ya yi sallama. "Jami'ar Nikosiya za ki?"

Ta dube shi da mamaki. "Kai ɗan ina ne?"

"Gadambaliya."

"Ni 'yar Gadarif ce. Sunana Lauratu."

"Ashe ta gida ce. Kin yi sa'a ba a Bafos kika sauka ba, can ya fi nisa. Zo, bas zai tashi."

Bai zauna kusa da ita ba, sai a kujerar da ke ɗaya gefen. Yana nuna mata gonakin zaitun, tana miƙa masa alewar riɗin da innarta ta ƙulle mata. Kafin su isa ƙofar jami'a, kowa ya karɓi lambar ɗan'uwansa.

Soyayya ta yi ta tafiya a hankali. Ranar da wata ƙawarta ta ce ai kowace baƙuwa haka yake yi mata, Lauratu ta yini ba ta ɗaga wayarsa ba. Da la'asar saƙo ya shigo: "Laurata, kowa ina kai shi ƙofar jami'a in juya. Ke ce kaɗai na kasa juyawa."

Ta amsa: "Tamam, na yarda. Amma gobe ka tura wani tarbar baƙi."

Da suka dawo hutu, mahaifinta Alhaji Modibbo, mai sayar da riɗi a kasuwar Gadarif, ya ji maganar aurensu, ya ce bai yarda ba. Babban ɗansa Abdelrahman ya tafi karatu waje, ya yi aure can, har yau bai waiwayo gida ba.

"Na rasa ɗaya," in ji shi. "Ga Khalid, ɗan maƙwabcina, nan zai zauna."

"Baba, ba zan ƙetare maganarka ba," in ji Lauratu, idonta a ƙasa. "Amma ka saurare shi."

Mujtaba ya zo rumfar, ya durƙusa. Alhaji ya tambaye shi ko gaskiya ne an ba shi aiki a Kubrus.

"Gaskiya ne, Baba. Amma injinan noma na karanta, kuma gonakin suna nan."

"Baki ba ya wuyar faɗa. Ka dawo tukuna, mu gani."

Ya gama karatu ya dawo, ya kama aiki a gonakin dawa na garin Doka, a jihar Gadarif. Ita tana can tsibirin, saura mata shekara. "Rana ta ƙona ni, habibti, masoyiyata, ba za ki gane ni ba," ya rubuta.

"Zan gane muryarka," ta amsa.

Damina ta wuce, aka yi girbi, Mujtaba bai motsa daga Doka ba. Ranar da Lauratu ta dawo da shahadarta ta kammala karatu, Alhaji da kansa ya aika Gadambaliya cewa su turo manya.

An ɗaura aure bayan sallar Juma'a. Da za a tafi da amarya, hannuwanta sun yi baƙi da lalle, ta fashe da kuka a gaban mahaifinta. Ya dafa kanta.

"Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuri'a ɗayyiba. Share hawayenki, Lauratu. Garin Doka za ki fa, ba nisa. Ranar kasuwa zan zo cin tuwonki."