Lomar Metir Hamadu

"Tiyatir kuma? Mene ne tiyatir?" Iyatu ta tambayi jikarta, tana goga goro a magogi, don haƙoranta sun daɗe da barin wannan aiki.

"Wasan kwaikwayo ne, Iya, amma da waƙa da kiɗa," in ji Ramatu. Tana zaune bakin tabarma tana tsince shinkafa. "'Yan lekwal ne, makarantar boko, za su yi saboda bikin matasa. An ce kowa ya zo da iyalinsa, yara da tsofaffi. Metir ne ya rubuta shi tun daga farko har ƙarshe!"

"Wane Metir? Garwa cike take da malaman lekwal."

Ramatu ta sunkuyar da kai tana murmushi. Iyatu ta san amsar sarai. Metir Hamadu ne, wanda iyayensa suka kawo kayan sa rana aka karɓa, aka tsayar da biki bayan Mauludin wannan shekara ta 1973.

Suna cikin haka Alhaji Sulaimanu, ɗan Iyatu kuma mahaifin Ramatu, ya yi gyaran murya ya shigo. Ɗan kasuwa ne mai sayar da goro da atamfa. Kakansa ne ya zo daga wajen Kano ya zauna a unguwar Hausare, kuma kamar yadda aka saba gani ga wanda ya tashi cikin mutanen da ba nasa ba, Alhaji ya riƙe kunyar Fulani fiye da Fulanin. Shekara ashirin da aurensa, surukansa ba su taɓa ganin ya kurɓi ko ruwa ba. Da wannan yake alfahari, ya fi alfahari da shi a kan motocinsa biyu da ke jigila zuwa Ngaundere.

"Na ji abin da kuke cewa," ya ce. "Ni ma ofishin perfe, babban jami'in mulkin lardin nan, sun gayyace ni, kujerar gaba. Rubutu ba laifi ba ne. In dai yaron nan ba zai hau ya yi wa mutane tsalle ba."

"Haba Baba! Yana bayan labule. Mesye Raphaël ne zai yi babban wasan."

Gaskiya ta faɗa, iyakar saninta. Abin da ba ta sani ba shi ne, Raphaël, malami Kirista ɗan ƙasar duwatsu, ya tafi garinsu Mokolo duba mahaifiyarsa, motar da ta ɗauko shi kuma ta lalace a kan hanya. Ranar wasa, da la'asar ta yi zauren taro ya cika ba Raphaël, Madam Clémentine, malamar da za ta fito a matsayin uwar gida, ta dubi Hamadu.

"Metir, ba wanda ya haddace waƙoƙin nan sai kai. Ko ka cusa matashin kan nan a riga ka yi tumbi, ko ka fita ka gaya wa perfe ya koma gida."

Hamadu ya sa matashi a ƙarƙashin babbar riga, aka manna masa gemun auduga. An rufe tagogi da zana, an kunna fitilu suna haska dandamali, don haka daga sama ba ya ganin fuskar kowa. Ya ce a ransa, Alhaji ba mutumin irin wannan wuri ba ne, ba zai zo ba.

Sunan wasan Gidan Malam Tumbi. Labarin magidanci ne da ke cinye abincin gida shi kaɗai, matarsa da 'ya'yansa suna kallo. Yawancin waɗanda suka cika zauren ba su taɓa ganin tiyatir ba, kuma ba wanda ya gaya musu cewa zama ake yi a yi shiru. Da yaran suka rera waƙar yunwa, wata mai ƙosai ta tashi ta miƙa musu ƙulli ta gefen dandamali, tana share hawaye. Wani dattijo ya ɗaga sanda ya ce wa Madam Clémentine, "Yarinya, ki kai ƙara wurin alƙali, ni shaida ne!" Ma'aikatan gwamnati masu kwat suna dariya a hankali, suna cewa "Formidabul!" Iyatu kuwa daga ɓangaren mata ta yi wa Malam Tumbi Allah ya isa sau uku, da aka buga kalangu kuma ita ta fara rausaya.

Sai aka kawo akushi. Tuwon dawa ne na gaske, da miyar yakuwa, da giwan ruwa guda daga Binuwai. Malam Tumbi ya naɗe hannun riga ya fara waƙa, yana kai loma tsakanin baiti da baiti:

"Uwar gida, ƙaro miya,
Yara su jira, ai ba su gaji ba!"

Zaure ya ɗauka. Alhaji Sulaimanu, wanda ya zo da fuska a murtuke, yana dariya har yana dukan cinyarsa. Ya juya ya ce wa na kusa da shi, "Kiristan nan na dutse ya iya abu!" A daidai lokacin Malam Tumbi ya sunkuya zai tsotse kan kifi, gemun auduga ya saki ya faɗa cikin miya.

Alhaji ya ga fuskar Hamadu ƙarara, dariya ta ɗauke masa.

Bai jira an gama ba. Kafin magariba gidansa na Hausare ya hargitse.

"A gabana!" yana faɗa yana zagaya tsakar gida. "A gabana, a gaban perfe, a gaban gari! Yana lasar yatsa! Har gyatsa ya yi, Iya, gyatsa!"

"To ai ba shi ba ne, Malam Tumbi ne," in ji Iyatu.

"Cikin wa tuwon ya shiga? Na Tumbi ko na Hamadu?"

Iyatu ta koma kan gugar goronta.

"Baba, bai san kana wurin ba," Ramatu ta ce tana kuka. "Wallahi dole ce ta sa shi!"

"Rufe min baki! Wanda ya ci kan kifi a gaban surukinsa tun ba a ɗaura ba, in an ɗaura kan wa zai ci? Gobe a mayar musu da kayansu!"

Aka kuwa mayar. Hamadu ya turo dattawa, Alhaji ya ce su gaishe da gida. Raphaël ya iso Garwa da ƙurar hanya a kansa, ya je ya durƙusa ya ce laifin motarsu ne. Alhaji ya ce, "Motar ce ta lashe yatsa?"

Abin da ya ƙara ɓata lamarin shi ne, wasan ya karɓu. Masu wanki a bakin kogi suna rera "ƙaro miya", direbobi sun kai ta har Ngong. Matan aure suka samu abin yi wa mazajensu habaici, har aka ce akwai gidajen da aka fara zuba wa yara kafin maigida. In Alhaji ya buɗe shago, sai wani ya leƙo ya ce, "Alhaji, barka da asuba. Surukin namu ya karya kuwa?"

Wata rana Madam Clémentine ta zo gidan da sunan sayen atamfa, ta ja Ramatu bayan ɗaki.

"Ma sheri, ji nan. Metir ya rame, ko gyaɗa ba ya iya ci a gaban mutane. Ni nawa tunanin, ku sami shaidu ku je meri, ofishin magajin gari, a ɗaura muku auren gwamnati. Baba zai yi fushi ya huce."

"Shi ya aiko ki da wannan?"

"Non! In ya ji ma zai yi faɗa."

"To madalla," in ji Ramatu. Ta goge ido da bakin gyale. "Madam, ba zan shiga gidan miji ta bayan ubana ba. Ki gaya masa ya ci abinci, ni ina nan. Ko shekara nawa ne."

Mauludi ya zo ya wuce, ba biki. Ramatu ba ta yi bore ba, ba ta ƙi cin abinci ba, ba ta fasa kai wa ubanta ruwan alwala ba. Wannan ya fi damun Alhaji, don ya shirya wa rigima, bai shirya wa shiru ba.

Sai ga umarni daga ofishin perfe: a maimaita wasan a bikin ranar ƙasa, ashirin ga Mayu, wannan karon a filin makaranta da rana, don zaure ba zai ɗauki jama'a ba. Aka kuma ce ba a son kowa sai mai tumbin nan na farko. Hamadu ya je ya roƙi sufeton makarantu a bar Raphaël ya yi.

"Metir," sufeto ya ce ba tare da ya ɗago kai ba, "akwai gurbin malami a Tibati. Can ma akwai kifi."

A zamanin, ba a cewa a'a ga gayyatar perfe, ko malami ko attajiri. Don haka ranar bikin Alhaji Sulaimanu na zaune a kujerar gaba, ya naɗa rawani ya haɗe rai. Iyatu da Ramatu suna can cikin mata.

Wasa ya tafi daidai. Jama'a sun riga sun haddace waƙoƙin, suna riga yaran kai baiti. Mai ƙosai ta sake zuwa da ƙullinta, ko da yake an yi mata bayani. Da aka fito da akushi, fili ya kaure da tafi, don abin da kowa ya zo gani ke nan.

Malam Tumbi ya naɗe hannun riga. Ya gutsuro tuwo, ya dangwali miya, ya ɗaga kai zai fara waƙa. Yau ba zana, ba fitila. Rana tsaka, ga Alhaji Sulaimanu a gabansa, kusa har yana ganin ɗinkin rigarsa.

Hannun ya tsaya tsakanin akushi da baki.

Mai kalangu ya zagayo da kiɗan, ya sake zagayowa. Madam Clémentine ta ce da ƙarfi, "Maigida, miyar ce ba gishiri?" Miya ta fara gangarowa ta gwiwar hannunsa, gumi yana jiƙa gemun auduga.

"Ci mana!" wani ya yi ihu daga baya.

"Ci! Ci! Ci!" fili ya ɗauka gaba ɗaya. Perfe ya dubi sufeto, sufeto ya zaro ido yana yi wa Hamadu nuni da yatsa wajen kudu, inda Tibati take.

Hamadu ya gani. Ya mayar da lomar cikin akushi a hankali, ya sunkuyar da kai, ya naɗe hannuwa. Ramatu ta rufe fuska da gyale. Ta san abin da ya zaɓa, ta kuma san nisan Tibati.

Ihu ya fara komawa gunaguni. Alhaji Sulaimanu ya dubi yaron da ke zaune gaban tuwo yana zufa. Ya dubi sufeto. Ya ja tsaki, ya miƙe. Kowa ya ɗauka ficewa zai yi. Sai ya kama kujerarsa ta ƙarfe ya juya ta, ya zauna ya ba dandamali baya, fuskarsa na kallon jama'a. Ya ɗaga hannu ba tare da ya waiwaya ba.

"Ku ce masa ya ci! Kada ya ɓata wa mutane wasa!"

Iyatu ce ta fara fahimta. Ta dafa kafaɗar jikarta ta miƙe, ta rangaɗa guɗar da ba a san tana da sauran numfashinta ba. Matan Hausare suka amsa, Fulani suka amsa, don a ƙasar nan kowa ya san ba a juya wa bare baya don ya ci abinci. Suruki ake yi wa haka.

Hamadu ya ci. Waɗanda suka ga wasan sau biyu sun ce na biyun ya fi, ko da yake Malam Tumbi yana waƙa hawaye na zuba masa, jama'a kuma sun ɗauka barkono ne. Alhaji ya zauna ƙyam yana kallon ɗaruruwan bakuna suna dariyar abin da shi ba ya gani.

A gida Iyatu ta tare shi.

"Alhaji, me ya sa ka juya kujera?"

"Rana ce ta dame ni a ido."

"Ashe? Da ka juya ai ita ka fuskanta."

Alhaji ya cire rawani ya rataye. "A gaya wa mutanensa su dawo da kaya," ya ce. Ya yi kamar zai shiga ɗaki, sai ya tsaya ya rage murya. "Iya, wai har kan kifin ya tsotse?"

"Tas!"

"Kai, yaron nan," in ji Alhaji, ya shige da sauri kafin a ga bakinsa.

An ɗaura auren kafin damina ta yi nisa. Da Ramatu ta bi ta meri, da ta samu miji ta rasa uba. Da Hamadu ya kai lomar nan baki, da ya tsira da aikinsa ya rasa mata. Kowannensu ya haƙura da abin da yake iya samu da gaggawa, don kada ya kunyata babba a gaban mutane. Babba kuwa, in yaro ya girmama shi har ya yarda ya yi asara dominsa, ba ragi ba ne a gare shi ya juya kujerarsa.